Wai Wurin Da Babu Wanda Ya Taɓa

  Tun da na ambata a fitowar baya cewa zan je ganin ƙanƙara a kudancin Chile saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: wai kai me ka ɓatar a can? Wani ma cewa ya yi in dai ƙanƙara nake nema in buɗe firjin gidanmu, kyauta ce. To ga amsar, sai dai ku gyara zama domin tana da ɗan tsawo.

Ga waɗanda ba su daɗe da shigowa filin ba, shekarar nan a Santiago nake yin ta, jami'armu ce ta turo mu musayar ɗalibai, labarin ƙasa nake karantawa. Da aka yi hutun Disamba, wanda a nan shi ne tsakiyar lokacin zafi, sai na tattara abin da na tara na aikin kanti na hutu biyu, na samu tikitin da aka karya wa farashi saboda jirgi ya kusa tashi da sauran gado, na shiga. Kwana huɗu ne a ruwa, daga Punta Arenas ta Chile zuwa Ushuaia ta Ajantina. Ba Antaktika ba ce, kada wani ya je ya ce na ce. Wancan aljihuna bai kai ba tukuna.

Duk takardar tallar irin wannan tafiya da za ka ɗauka abu ɗaya take rera maka: ƙarshen duniya, daji da ruwa da ƙanƙara kamar ranar da aka halicce su, wurin da hannun ɗan Adam bai taɓa ba. Wurin yana da kyau, wallahi ya fi hotunansa. Amma wannan maganar ta "babu wanda ya taɓa" ƙarya ce tsagwaronta, kuma kwana huɗun nan kusan duk inda muka sauka sai da na ga sawun hannu. A ganina ma sawun nan ne ya sa kuɗin tikitin bai tafi a banza ba.

Ku ɗauki taswirar Amurka ta Kudu ku bi ta ƙasa har inda ta tsuke kamar wutsiya. Can ƙarshen ƙasar ta farfashe, ta zama tsibirai da lungunan teku masu shiga tsakanin duwatsu. Punta Arenas tana bakin Mashigin Magellan, wanda ya ci sunan Bafotugen nan da ya ratsa shi a 1520 yana yi wa Sarkin Sifen aiki. Da dare mutanensa suka riƙa hango wuta a gaɓar kudu, daga nan aka samo sunan Tierra del Fuego, wato Ƙasar Wuta. Ku riƙe sunan nan a ranku, domin wuta ba ta hura kanta. Kafin a buɗe mashigin Panama a 1914, jirgin da zai tsallaka daga Atlantika zuwa Fasifik ta nan zai bi, ko kuma ya zagaya ta Cape Horn ya yi ta kansa. Da kuɗin jirage da kuɗin ulun tumaki aka gina manyan gidajen da ke kewaye da dandalin garin, masu kama da an ciro su daga Faris an dasa su a bakin iska.

Abin da ya fara ba ni mamaki a matsayina na ɗalibi shi ne, Ushuaia tana kusan digiri 55 ne kudu da tsakiyar duniya, daidai da yadda Newcastle take digiri 55 a arewa. To don me a Newcastle ake kallon ƙwallo da riga mai gajeren hannu, a nan kuma ƙanƙara take gangarowa har cikin teku? Ba wai hunturunsu ne ya fi muni sosai ba. Lokacin zafinsu ne ba ya zafi. Ingila tana da ruwan ɗumi da ke zuwar mata daga Tekun Meziko, su kuwa nan ruwan sanyi ne ya kewaye su, ga iskar yamma da ke zagaya duniya babu wata ƙasa da ta tare ta, sai ta zo ta daki duwatsun Cordillera Darwin ta juye musu dusar ƙanƙara. Abin da ya zubo da hunturu ba ya gama narkewa kafin wani ya zo. Shekara bisa shekara ta taru, ta danne ta ƙasa har ta zama dutse, nauyinta ya sa ta fara tafiya a hankali zuwa gangare. Wannan shi ne abin da zan riƙa kira kogin ƙanƙara, domin da gaske gudu yake, sai dai gudun hawainiya.

Mu kusan 200 ne a jirgin, yawanci dattawan Turai da Amurka da suka yi ritaya. Baƙar fata ni kaɗai. Wata tsohuwa Bajamushiya, mai kirki ƙwarai, ta tambaye ni ko yau ne na fara ganin dusar ƙanƙara. Na ce mata a gabashin Landan aka haife ni. Ta ce to amma asali fa? 'Yan uwa kun san wannan tambayar, har ƙarshen duniya sai da ta biyo ni.

Washegari da safe muka wayi gari a Ainsworth, wani lungu a cikin gandun Alberto de Agostini. Babban jirgi ba ya matsawa gaɓa, sai a saka maka rigar ceto a zuba ku cikin kwale-kwalen roba mai inji, goma-goma ko sama da haka. Kafin ka fita, da kuma in ka dawo, sai ka tsoma takalminka cikin ruwan magani. Ba iyayi ba ne. A 2023 murar tsuntsaye ta kashe jariran wata dabbar teku kimanin 17,000 a Península Valdés ta Ajantina, kusan duk haihuwar shekarar, kuma ƙwayar cuta ba ta ƙin hawa takalmin baƙo. Dabbar ita ce wadda Turawa ke kira sil, wannan irin kuma shi ne mafi girmansu. Ku ƙaddara ayu, ku ninka shi, ku ƙara wa namijin hanci mai lilo kamar guntun haƙon giwa. Babban namiji yana haura tan 3. Mun hango kaɗan daga nesa kwance a kan tsakuwa, in ba don ɗaya ya ɗaga kai ya yi gyatsa ba da na rantse duwatsu ne.

Daga inda muka sauka ana hango kogin ƙanƙara na Marinelli can nesa, fari fat a ƙarshen ruwa. Sai mai yi mana jagora ta ce ruwan da muka biyo ta kansa da kwale-kwale, a tsakiyar ƙarnin da ya wuce ƙanƙara ce a wurin. Marinelli ya ja da baya fiye da kilomita 10, yana cikin waɗanda suka fi saurin janyewa a yankin gaba ɗaya. Na karanta wannan a aji, na ma rubuta shi a jarrabawa. Amma karanta lamba daban, tsayawa a kan ƙasar da ƙanƙara ta saki daban. Kana gani da idonka yadda rai yake bin sawunta: kusa da ita dutse ne tsirara, in ka matso sai gansakuka, sai ƙananan ciyayi, sai 'yan bishiyoyin da ba su kai tsayinka ba, sai can baya daji sosai. Kamar 'yan makaranta an jera su daga aji ɗaya zuwa aji shida.

Muna shiga dajin sai ga wani fili ya buɗe, bishiyoyi tsaye a cikin ruwa, duk sun mutu sun yi toka-toka, babu ganye ko ɗaya. Na ɗauka gobara ce. Ashe aikin biba ne, wani ƙaton dangin gafiya mai faffaɗar wutsiya da ke sare itace da haƙori yana datse rafi. Ba ɗan nan ba ne. A 1946 gwamnatin Ajantina ta ɗauko guda 20 daga Kanada ta sake su a tsibirin, wai don a kafa sana'ar fata. Sana'ar ba ta kafu ba, biba kuwa ya kafu. Babu kerkecin da zai ci shi kamar a gida, ya hayayyafa har ana ƙiyasta shi sama da 100,000, ya yi iyo ya tsallaka zuwa wasu tsibiran, har ya kai babban yankin ƙasar. Bishiyoyin Kanada sun saba da shi, in ya sare su suna tohowa daga kututture. Na nan ba su san shi ba, in ya sare ko ya ambaliya musu ruwa shi ke nan. A 2008 Chile da Ajantina suka sa hannu kan yarjejeniyar kawar da shi. Biba dai bai samu labari ba. To wannan safiyar farko ke nan a wurin da babu wanda ya taɓa.

Da yamma aka kai mu tsibiran Tuckers ganin fengwin. A nan ba a sauka, kwale-kwale ne zai matsa bakin gaɓa a kashe inji ku yi ta kallo, kuma na ji daɗin haka. Kafin ka gan su hancinka ya gaya maka an iso, warin kasuwar kifi da ta kwana uku babu wutar lantarki. Irin na Magellan ne, tsayinsu bai wuce gwiwa da ɗan ɗori ba, baƙi da fari da zane biyu a ƙirji. Abu biyu fim bai gaya mini ba. Na farko, ba a kan ƙanƙara suke zaune ba, rami suke tonawa a ƙasa kamar zomo su yi ƙwai biyu a ciki. Na biyu, kukansu. Jama'a kukan jaki ne sak! Tsuntsu ya miƙe wuya sama ya buɗe baki, ka rantse kana kasuwar dabbobi. A tudu tafiyarsu abin dariya ce, kamar alhajin da sabon takalmi ya matse shi, amma da zarar sun faɗa ruwa sai su zama harsashi. Wajen Satumba suke zuwa su yi ƙwai, in Maris ta wuce su bi ruwa su yi arewa, wasu har gaɓar Brazil. A samansu kuwa ga skuwa tana shawagi, ita ce shirwar wurin, jira kawai take uwa ta yi sakaci.

Bari in ɗan ratse don masu tambayar salla. A Disamba rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, kafin 5 kuma ta fito, tsakanin nan sararin kudu ba ya gama yin duhu. 'Yan Glasgow kun san wannan rigimar a watan Yuni, abin da kuke yi shi na yi. Abin da ya burge ni shi ne alƙibla: daga can gabas ce sak. Mu da muka tashi muna fuskantar kudu maso gabas a Landan alhali iyayenmu suna cewa "ka dubi gabas", sai da na je ƙarshen duniya maganar ta daidaita. Matsalar kawai jirgi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abinci kuma kifi da ƙaguwa sun rufa mini asiri.

Rana ta uku ita ce ta Pía, kuma in an ce in zaɓi awa ɗaya daga tafiyar nan ita zan ɗauka. Mun shiga mashigin Beagle, muka karkata wani lungu, kwale-kwale yana ture gutsattsarin ƙanƙara suna ƙara a jikinsa. Sai ga bango a gabanmu, ya fi benen da nake zaune a ciki tsawo nesa ba kusa ba, ya tsattsage, cikin tsagar kuma shuɗi ne irin wanda ban san sunansa ba a kowane harshe. Ba rini ba ne, ba kuma hoton sama ba ne. Nauyi ne ya matse iskar da ke cikin ƙanƙarar ya fitar, to in haske ya shiga mai kauri irin wannan sai ta shanye ja ta dawo maka da shuɗi. Muka hau wani dutse da ke fuskantarsa, jagora ta roƙi kowa ya yi shiru na minti biyar. Da ƙyar aka samu Amurkawa suka yarda.

A cikin shirun nan ne na gane abin yana da murya. Yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, yana ɗan fashewa can ciki kamar ana harba bindiga a wata unguwa. Sai wani ɓangare ya ɓalle daga sama. Ka fara ganinsa yana faɗowa shiru, a hankali kamar ba ya so, ruwa ya tashi, sannan ƙarar ta iso kunnenka kamar aradu, can kuma igiyar ruwa ta zo ta daki dutsen da kake kai. Mutane suka yi ta tafi. Ni dai tafin ya ɗan tsaya mini a rai. Don adalci, ɓallewar nan ba ita ce shaidar ɗumamar yanayi ba, duk kogin ƙanƙarar da ya kai teku haka yake yi tun fil azal, kuma ba duka ne suke ja da baya ba: Pío XI da ke can arewa, mafi girma a Amurka ta Kudu, gaba ma ya ci. Lissafin shi ne abin da ya zubo a sama da abin da ya tafi a ƙasa, kuma in aka haɗa na yankin Patagoniya gaba ɗaya asara ake yi. Ruwan da ya tafi teku yake shiga. Daga 1901 zuwa 2018 teku ta ƙaru da kimanin santimita 20, kuma ba ta tambayar gaɓar wa za ta ci. Masu dangi a Legas ko a Keta ta Ghana sun san zancen.

Kafin mu koma jirgi aka kafa ɗan teburi a bakin ruwa ana raba giya da gutsuren ƙanƙarar wurin a ciki, al'adar tafiyar ke nan. Ni aka miƙo mini koko mai zafi. Na ɗauki gutsure ɗaya na sa a kunne, yana ƙyas-ƙyas, 'yar iskar da ta rage a ciki ce take fita bayan Allah kaɗai ya san shekara nawa.

Da la'asar jirgi ya bi ta gaban wasu kogunan ƙanƙara a jere, suna rataye a jikin dutse, wani da ruwa yana zubowa daga ƙarƙashinsa. Sunayensu: Alemania, Francia, Italia, Holanda, wato Jamus, Faransa, Italiya, Holan. Duk wanda aka zo wucewa sai a saka kiɗan ƙasar a kawo abincinta, 'yan ƙasar su yi shewa. An yi nishaɗi, ba zan ɓoye ba, na ci cukun Faransa har na ƙara. Amma sai na duba taswirar da aka raba mana: Magellan, Beagle, Darwin, Ainsworth, Marinelli, Agostini, Holan. Ina sunayen waɗanda suka hura wutar?

Cape Horn zan wuce shi da sauri, ko da yake shi kowa yake ɗoki. Daren da muka nufe shi ne kaɗai muka fita daga inuwar tsibirai, cikina kuma ya faɗi ra'ayinsa. Ba kullum ake samun sauka ba, sai kyaftin ya duba iska. Mu mun samu. Ka hau matakalar katako sama da 150, iska tana neman cire maka kunne, ka tarar da hasumiyar fitila, da ɗan ƙaramin coci, da gidan wani sojan ruwan Chile da ke zama a wurin shekara guda da matarsa da 'ya'yansa. Mutanen Holan ne suka zagaya shi a 1616 suka sa masa sunan garinsu Hoorn. Akwai wani gini na ƙarfe mai siffar albatros da aka kafa a 1992 don tunawa da matuƙan da ruwan nan ya ci, iska ta taɓa karya shi a 2014 aka gyara. Albatros na gaske kuwa sun yi ta bin jirginmu, sai ka yi minti goma kana kallon ɗaya bai kaɗa fiffike ba.

Da yammar ranar muka sauka a Wulaia, a tsibirin Navarino, kuma nan ne labarin ya zo mini har gida. Wuri ne lumui, ruwa kwance, ciyawa kore. Ƙananan tuddan da ke bakin gaɓa ba tuddai ba ne, ɓawon kifin kwanso ne da mutane suka ci suka zubar shekaru dubbai. Mutanen su ne Yagan. A kwale-kwalen ɓawon itace suke rayuwa, da wuta a tsakiyarsa a kan yumɓu, su shafa kitsen sil a jiki, matansu su yi nutso cikin ruwan da ni ko yatsa ban iya bari a ciki ba.

A 1830 kyaftin ɗin jirgin Beagle, Robert FitzRoy, ya ɗauki mutum huɗu daga yankin nan ya tafi da su Ingila don a "waye" su. Ɗaya yaro ne Bayagane ɗan kimanin shekara 14, sunansa Orundellico, amma aka sa masa Jemmy Button saboda an ce da maɓallin riga aka biya danginsa. Ɗaya daga cikinsu agana ta kashe shi da isarsu. Sauran ukun aka sa su makaranta. Ku canki ina? Walthamstow. Wallahi da jagora ta faɗa sai da na ce ta maimaita. Walthamstow da muke zuwa kasuwa ranar Asabar sayen doya da attaruhu! An koya musu Turanci da addinin Kirista da cin abinci da cokali, an kai su gaban Sarki William na IV. A 1833 aka dawo da su a jirgin nan dai, wannan karon da wani saurayi mai suna Charles Darwin a ciki, aka sauke Jemmy a nan Wulaia da kwat da safar hannu da kayan shayi. Darwin ya ba da labarin cewa da 'yan uwansa suka zo, harshensu ya kakare wa yaron, yana yi musu magana yana cakuɗawa da Turanci. Shekara uku kacal.

Ban san ku ba, amma ni na san wannan tsayuwar. Na san yadda ake tsayawa a tsakar gidan kaka, kowa ya zuba maka ido, gaisuwa ta ƙare, kalma ta gaba ta ƙi zuwa, yara suna dariya a bayan ƙyaure. Ba na son in ja kwatancen fiye da ƙima: mu babu wanda ya saye mu da maɓalli, iyayenmu da ƙafarsu suka hau jirgi, Hausa kuma da masu magana da ita miliyoyi ba ta hanyar mutuwa. Amma a cikin gida ɗaya a Leyton tana iya mutuwa tsakanin uwa da ɗa, ba tare da Kano ta ji labari ba. Shi Jemmy, da Beagle ta sake biyowa a 1834, sun same shi ya rame, babu kwat, ya yi aure, harshensa ya ɗan dawo. Aka yi masa tayin komawa Ingila ya ce a'a.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji. A 1859 an kashe mutum takwas na wata tawagar mishan a nan Wulaia. Darwin ya raina harshen Yagan ƙwarai, amma wani ɗan mishan, Thomas Bridges, da ya zauna da su ya koya, ya tattara ƙamus mai kalmomi sama da 30,000. A lokacinsa an ƙiyasta su kusan 3,000. Ƙyanda ta 1884 da sauran cututtukan baƙi suka share yawancinsu. Maƙwabtansu na tudu, Selk'nam, su farautarsu aka yi, masu garken tumaki suna biyan lada a kan kowane kai, kuma da kuɗin ulun nan aka gina gidajen da na ce muku sun yi kama da na Faris. Sai a 2023 dokar Chile ta amince cewa Selk'nam suna nan ba su ƙare ba. Jikokin Yagan ma suna nan a Villa Ukika, kusa da Puerto Williams, a tsibirin da muke tsaye a kai. Cristina Calderón, ta ƙarshe da ta tashi da harshen a bakinta tun yarinta, ta rasu a Fabrairun 2022 tana da shekara 93, bayan ta yi shekaru ita da jikarta suna rubuta kalmomi da tatsuniyoyi. Don haka in takardar talla ta ce maka babu kowa a wurin, gaskiya ne ba ka ganin hayaƙi a gaɓa yanzu. Ba ta dai gaya maka dalili ba.

Don in yi wa ma'aikatan jirgin adalci, su ba su ɓoye komai ba. Akwai ɗan gidan tarihi a Wulaia, kuma jagorarmu ta ba da labarin nan tiryan-tiryan. Rabin mutanenmu dai sun riga sun yi gaba neman wurin ɗaukar hoto.

Safiya ta biyar muka shiga Ushuaia, garin da ya girma a kan gidan yari har aka rufe shi a 1947, yanzu kuma yake cin abinci da kalmar "ƙarshen duniya", tana jikin kofi, tana jikin riga, har hatimi ake buga maka. A tashar muka tarar da manyan jiragen Antaktika suna lodi. Daga nan kwana biyu ne a mashigin Drake, wajen kilomita 800 na ruwan da ya fi kowane rashin mutunci. A farkon shekarun 1990 masu zuwa can ba su kai 10,000 a shekara ba. A kakar 2023 zuwa 2024 sun haura 120,000. Da yawansu za su gaya maka suna sauri ne su gani kafin ta narke, kuma kowannensu ya ƙona man jirgin sama na rabin duniya kafin ya iso. Ni ma ina cikin lissafin, daga Landan zuwa Santiago awa 14 ne da ɗoriya, daga nan zuwa Punta Arenas wasu uku da rabi. Ban yarda da masu cewa duk wanda ya je ya dawo ya zama mai kare muhalli ba, na ga waɗanda suka dawo da hoto 2,000 da ciwon kai kawai. Amma ban kuma yarda a ce wurin na dattawan Jamus ne su kaɗai ba, mu namu mu gani a talabijin.

Da na samu waya na kira Hajiyarmu. Ta ce, "Kai yaron nan, ka gama yawon naka? Ka ga abin da ka je nema?" Na ce na gani, na fara ba ta labarin tsuntsu mai kukan jaki. Ta ce in bar zolayarta. Na ce wallahi Hajiya da gaske. Ta ce to Allah mai iko, ka dai sa hula.

Masu niyya: lokacin tafiyar daga wajen Satumba ne zuwa Afrilu, in kuma fengwin kake so kada ka wuce Maris. Mai fasfon Birtaniya ba ya buƙatar biza don yawon buɗe ido a ƙasashen biyu, mai koren fasfo kuwa sai ya nemi ta Chile ya kuma nemi ta Ajantina, tunda a wata ƙasa za ka hau a wata ka sauka, don haka a fara da wuri. A tafi da wando da jaket da ruwa ba ya ratsawa, lema ba ta da amfani, iska za ta kai ta Antaktika kafin kai. A kuma shafa man kare rana, kada a ce ai mu baƙaƙe ne, yankin yana kusa da inda rigar ozon ta yi rauni, hancina shaida ne. Wanda kuma ya san kalmar Hausa da ta fi "kogin ƙanƙara" dacewa, ko ya tambayo mana kakarsa sunan wancan shuɗin, ya aiko mini, zan sa a fitowa ta gaba. Sai mun haɗu.